Daga Ambursa Zuwa Gadon Tiyata: Ribar Gyaran Sura da Haɗarinsa

Ranar wata Asabar, bayan an watse daga kamun amarya a wani gida da ke Ambursa, muna zaune a tsakar gida ana kwashe kwanuka, sai ɗiyar ƙanena ta matso kan tabarmata ta miƙo mini waya. Hoto biyu ne na mace ɗaya, an jera su. A na farko tana da teɓa irin ta wadda ta yi haihuwa uku. A na biyu ciki ya lafe, ƙugu ya tsuke, mazaunai sun cika siket. A ƙasa ga lambar WhatsApp, ga alkawarin ragi ga duk wadda ta zo da ƙawarta.

Ta ce, "Gwaggo, in mace tana da kuɗɗinta, mi za ya hana ta gyara jikinta?"

Na ce ta bari in huce gajiyar biki tukuna. A zuciyata kuwa na san tambayar ta fi ƙarfin tsawa. Yarinyar da ta ga irin wannan hoto sau ɗari kafin ta nuna maka sau ɗaya, "haramun ne, tashi ki ba ni wuri" ba zai cire mata shi daga kai ba. Ga kuma hanya a buɗe. Filin jirgin saman Sir Ahmadu Bello da ke kwasar alhazanmu a nan Ambursa yake, kuma ƙofar da ake bi a tafi Makka ita ake bi a tafi Abuja, daga can a wuce Legas ko Alƙahira ko Istanbul, inda masu wannan sana'a suka baza talla.

Taɓa jiki don ado ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Duk wanda ya taɓa zama da dattawan Argungu ya san zanen Kabawa a kumatu, aikin askar wanzami. Muna huda kunne da hanci, muna ƙunshi, muna dilka da halawa. Ƙiba kuwa tun fil azal alamar hutu ce a wurinmu: amarya in ta yi wata uku a ɗaki ba ta murje ba, dangi za su fara tambayar ko lafiya. Abin da ya sauya shi ne zurfin da ake shiga. Askar wanzami a fata take tsayawa. Ƙarfen likitan gyaran sura yana ratsa fata ya yi ta kai da komo a ƙarƙashinta, kusa da hanji da manyan jijiyoyin jini, mutum kuma yana kwance bai san inda kansa yake ba.

Ana yi wa aikin kuɗin goro a ce "tiyatar gyaran jiki", alhali iri-iri ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba. Akwai zuƙe kitse. Likita zai yi ƙananan huji a fata, ya ɗura ruwan gishiri da aka haɗa da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, sannan ya zura siririn bututun ƙarfe ya farfasa kitsen, inji yana tsotsewa. Wani likitan Faransa, Yves-Gérard Illouz, shi ya yaɗa amfani da bututu marar kaifi a ƙarshen shekarun 1970, sannan a 1987 wani likitan fata a Amurka, Jeffrey Klein, ya fito da dabarar ɗura ruwan, wadda ta rage zubar jini ƙwarai. Ƙididdigar ƙungiyar likitocin gyaran sura ta duniya ta nuna a 2023 an yi wannan aiki fiye da sau miliyan 2, ya fi kowace tiyatar ado yawa. Akwai kuma ɗame ciki, inda ake yanka daga ƙugu zuwa ƙugu a ƙasan cibiya, a yanke fatar da ta saki, a ɗinke naman ciki da ya rabu, a sake fito da cibiya ta sabon huji. Akwai rage nono, ƙara shi, ko ɗaga shi. Sai wadda ta fi tashe a waya, wadda 'yan mata ke kira BBL, mai ɗauke da sunan ƙasar Birazil: a zuƙi kitse daga ciki da baya da cinya, a tace shi, a mayar da shi cikin mazaunai da allura.

Mai adalci ba zai ce babu amfani a ciki ba, kuma na fi son in daɗe a nan kaɗan, domin masu wa'azi sukan tsallake wurin. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a matsakaicin lissafi. Ciki shida ko takwas ba ya barin jiki yadda ya same shi. Akwai matan da naman cikinsu ya rabu gida biyu, in suka yunƙura za su tashi daga kwance sai ka ga tsakiyar cikin ya tsiro kamar kunyar dankali. Irin waɗannan suna fama da ciwon baya, wasu cibiya ta ɓullo, wasu fatar da ta zubo ta rufe mara tana tara gumi, a watan Afrilu na Birnin Kebbi wurin ya dahu, ya yi ta ƙaiƙayi da wari. Akwai wadda nauyin nono ya ranƙwafar da ita, igiyar rigar mama ta yi mata kwari a kafaɗa. Akwai saurayin da nono ya fito masa kamar na budurwa, ba ya iya tuɓe riga a bakin gulbi. Waɗannan in sun samu ƙwararre, tiyata tana sauke musu kaya, su miƙe tsaye, su yi barci, su shiga mutane. Kunyar da ke hana mutum fita ita ma ciwo ce, ko da ba ta zubar da jini.

Ilimin ma asalinsa na gyaran ɓarna ne. Fuskokin sojojin da harsashi ya ragargaza a Yaƙin Duniya na Ɗaya su suka haifar da fannin a zamanance, a hannun Harold Gillies a Ingila. Mu a nan ba sai mun je nesa ba. A Sakkwato akwai asibitin yara masu cutar Noma, wannan mugun ciwo mai cinye kumatu da leɓe, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF take tallafa masa tun 2014. A can ake ɗebo fata daga wani sashen jiki a gina wa yaro baki. A Gesse, cikin Birnin Kebbi, ga cibiyar da ake ɗinke matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari. Hannun da ya iya gina fuskar yaro shi ne ya iya ɗame ciki.

Malamai ma sun bambance. A taronta na Putrajaya a Malesiya a 2007, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta tiyatar da ke mayar da gaɓa yadda aka halicce ta, ko gyara naƙasar haihuwa kamar tsagaggen leɓe, ko ta ƙuna da haɗari. Ta halatta har zuƙe kitse, in ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince ba zai cutar ba. Abin da ta hana shi ne sauya halitta lafiyayya don bin son zuciya da kwaikwayon wasu. Daga hujjojin da ake kawowa a wannan babi akwai labarin sahabin nan Arfaja, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Wadda ke son sanin inda nata lamarin ya faɗa, ta kai wa malami cikakken bayani, ba rabi ba.

Sai dai akwai abin da tallar waya ke sayarwa wanda tiyata ba ta da shi. Zuƙe kitse ba maganin ƙiba ba ne. A 2004 masu bincike a birnin St. Louis na Amurka sun bi mata 15 masu ƙiba da aka zuƙe wa kitse mai nauyin kusan kilo 10. Bayan makonni sun auna sukari da hawan jini da maiƙon jini, ba su ga wani sauyi ba. Dalili a fili yake: kitsen da ke kawo ciwon sukari da na zuciya yana can ciki, ya lulluɓe hanji da hanta, inda bututu ba ya zuwa, in ma ya je to an yi ɓarna. Wani bincike a Jami'ar Colorado a 2011 ya gano cikin shekara guda jiki yana mayar da kitsen da aka cire, sai dai ya fi taruwa a ciki maimakon cinya. Kitsen da aka ɗura a mazaunai shi ma ba duka yake rayuwa ba, jiki kan shanye wani kaso cikin 'yan watanni, wani lokaci gefe ɗaya ya fi ɗaya shanyewa. A nan ake samun masu komawa zagaye na biyu da na uku.

Yanzu ga inda ake mutuwa. A ƙarƙashin naman mazaunai akwai manyan jijiyoyi masu mayar da jini zuwa zuciya. In bututun ya nutse cikin naman ya yaga ɗaya daga cikinsu, kitsen da ake ɗurawa sai ya bi jini ya tafi zuciya da huhu ya toshe. Yakan faru a kan gadon tiyata ko cikin 'yan awoyi, kuma da wuya a ceto wadda abin ya samu ko da a babban asibiti ne. Wani nazari da likitocin fannin suka fitar a 2017 ya ƙiyasta cewa cikin kowace BBL kusan 3,000 ana rasa rai ɗaya, adadin da babu wata tiyatar ado da ta kai shi. A 2018 ƙungiyar likitocin gyaran sura ta Birtaniya ta shawarci 'ya'yanta su dakatar da aikin, ba ta sassauta ba sai a 2022, da sharaɗin a tsaya a ƙarƙashin fata kawai, kuma a riƙa kallon bakin bututun da na'urar sikanin. Jihar Florida ta Amurka, inda mace-macen suka yi yawa, ta hana ɗura kitse cikin nama a 2019. Bayan irin waɗannan matakai ƙiyasin ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin 15,000 a hannun ƙwararru. Wannan lissafin ƙasashen da ake rubuta kowace mutuwa a bincike ta ne. A wurinmu in mace ta rasu a irin wannan hali, dangi kan ce gajeriyar rashin lafiya, a yi jana'iza kafin la'asar.

Ban da wannan akwai gudan jini da kan daskare a ƙafa bayan doguwar tiyata, ya ɓalle ya tafi huhu, kuma zaman jirgi na awoyi yana ƙara masa ƙarfi. Akwai zubar jini, akwai guba daga yawan maganin kashe zafi, akwai ruɓewar fata, akwai ƙwayoyin cuta masu cin nama cikin kwana biyu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga 'yan ƙasarta 93 da suka mutu bayan tiyatar ado a Jamhuriyar Dominika tsakanin 2009 da 2022. Mafi yawan waɗanda aka binciki gawarsu kitse ne ko gudan jini ya toshe musu huhu, kuma da yawansu masu ƙiba ne da aka haɗa wa aiki biyu ko uku a zama ɗaya. Wato dai wannan ragin na "ciki da baya da mazaunai a farashi guda".

Mu 'yan Najeriya muna da namu abin tunawa. Ranar 23 ga Oktoba 2005, ƙasa tana cikin juyayin jirgin Bellview da ya faɗi a Lisa ta jihar Ogun da mutum 117, sai ga labarin rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a Sifen, saura 'yan makonni ta cika shekara 60. Zuƙe kitse aka yi mata a wani asibitin kuɗi da ke yankin Marbella. Bututun ya shiga cikin ciki ya ji wa hanji da hanta rauni. A 2009 kotu a Malaga ta yanke wa likitan ɗaurin shekara ɗaya tare da hana shi aiki na shekara uku. Abin da ya fi tsaya mini a rai a shari'ar shi ne jinkiri. Jikinta ya rikice washegari, aka ɓata awoyi kafin a kai ta asibitin da ke da ɗakin kulawa ta musamman. Matar shugaban ƙasa ke nan, a Turai, da kuɗi da masu rakiya.

To ina ga wadda ta sauka a Ambursa kwana goma bayan aiki, likitanta yana Legas ko Turkiyya? A ganina wannan ne babban haɗarin ga 'yar Kabi, kuma shi ne talla ba ta taɓa ambata. Tiyata awa uku ce ko huɗu, jinya kuwa wata biyu. Wadda aka yi wa BBL ba ta zama a kan mazaunanta na mako biyu ko fiye, a rub da ciki take kwana, hatta zaman tahiya sai ta nemi sauƙin da shari'a ta ba marar lafiya. Akwai matsattsiyar riga da za ta sa dare da rana na makonni, a garin da zafi ke haura digiri 40, wuta kuma sai an ga dama. In ɗinki ya buɗe ko ruwa ya taru ko zazzaɓi ya taso da tsakar dare, wanda ya san abin da ya yi a cikin jikinta sai dai ta aika masa hoto a waya. Za a kai ta asibitin Sir Yahaya ko na tarayya a Birnin Kebbi ko na Kalgo, ko a kama hanyar asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar awa biyu ko fiye. Likitocin za su yi iya ƙoƙarinsu, amma babu takardar da ta ce lita nawa aka zuƙe, wane magani aka ba ta, har ina bututu ya kai. Sau da yawa ita kanta ba za ta faɗi gaskiya da wuri ba, don a gida ta ce Umara ta je ko sarin kaya. Sai a yi ta maganin maleriya da taifot, mugunya tana cin ciki.

Akwai kuma abubuwan da suka shafi jikinmu musamman. Binciken nan na lafiyar al'umma na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, tiyatar nan kuwa mai shan jini ce. Mai sikila maganin sa barci da rashin ruwa a jiki na iya tayar mata da ciwo. Baƙar fata ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda muke gani a kunnen wasu bayan huji, ya yi ta girma yana ƙaiƙayi. Wadda hujin kunne ya yi wa haka ta auna yadda yanka daga ƙugu zuwa ƙugu zai kasance. Sannan ɗame ciki na wadda ta gama haihuwa ne, sabon ciki yana iya warware aikin. Matanmu nawa ne ke da ikon cewa sun gama?

Wanda zai riƙe wuƙar ma abin dubawa ne. Shaidar kammala makarantar likita ba ta mayar da mutum likitan gyaran sura. Sai ya ƙara kimanin shekara shida na horo ya samu shaidar Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko ta ƙasa. Amma kasuwar ta ja mutane da yawa waɗanda kwas ɗin 'yan makonni kawai suka yi a waje. A 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani asibitin gyaran sura a Legas bayan koke-koken da suka biyo bayan ayyukansa. Yawan mabiya a Instagram ba shaidar ƙwarewa ba ce, hoton "kafin" da "bayan" kuwa waɗanda suka warke kawai ake ɗauka.

Duk wannan na masu miliyoyi ne. Yawancin 'yan matanmu ba za su taɓa hawa jirgin ba, amma sha'awar da hoton ya dasa tana nan, sai ta nemi hanya mai araha, araha kuwa ba ta ado. Tsaya a gaban kemis a kasuwar Birnin Kebbi da yamma, za ka ga yarinya ta rage murya ta ce a ba ta na ƙiba, a ƙulla mata ƙwayoyi a farar leda babu suna babu takarda. Sha-ka-fashe ake ce masa. Galibi deksametason ne, wanda ake kira deksa, a haɗa da maganin buɗe ciki irin wanda ke cikin Apetamin. Deksa yana kumbura fuska ta yi zagaye kamar faifai, ya tara kitse a ciki da ƙeya, ya tsotse naman cinya da na mazaunai, wato wurin da ake son ya cika shi ne ke zubewa. Ya bar nankarwa, ya jawo ciwon sukari da hawan jini, ya raunana ƙashi, wadda ta daɗe tana sha kuma in ta daina rana ɗaya tana iya faɗuwa. Garin neman ƙiba an samo rama. Mafi muni su ne masu yin allurar ciko a ɗakin otal ko shagon kwalliya, su ɗura ruwan silikon ko wani abin da su kansu ba su san sunansa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan wannan a 2017: ruwan yana yawo a jiki, yana iya toshe huhu, kuma ba ya ciruwa sai an yanke da nama.

A ƙarƙashin wannan duka akwai maganar da mata ke yi a tsakaninsu in babu namiji kusa, maganar kishiya. Da yawa ba don madubi suke yi ba, don maigida ne, wanda ya kwana yana kallon matan TikTok ya wayi gari yana yi wa uwar 'ya'yansa bakwai gorin tumbi. Ban taɓa jin inda tiyata ta hana mai niyyar ƙara aure ƙarawa ba. Likitocin ƙwaƙwalwa kuma sun san wata lalura da ke sa mutum ya riƙa ganin muni a jikinsa inda kowa bai gani ba, kuma irin wannan tiyata ba ta warkar da shi, daga an gyara nan sai ido ya koma can. Ga shi kuma sura yayi ce kamar ɗinki. Atamfa in yayinta ya wuce a ajiye ta a akwati, jiki kuwa da shi za a tsufa.

Da na sake haɗuwa da ɗiyar tawa, abin da na gaya mata shi ne hukuncina har yau. Wadda haihuwa ko ƙuna ko nauyin nono ya naƙasa, ta fara da asibitin koyarwa, a auna jininta da zuciyarta, a yi mata aiki ɗaya tak a inda akwai ma'ajiyar jini da ɗakin kulawa ta musamman, kuma da sanin wani nata. BBL don ado kuwa, ga mai zaune a ƙasar Kabi, ribarsa ba ta kai haɗarinsa ba.

Ke kuma da kika riga kika ƙudurta, kafin ki tura ko sisi, nemi cikakken sunan likitan da lambar rajistarsa a Hukumar Likitoci ta Najeriya, ki tambayi shaidar ƙwarewarsa, ki tambayi wanda zai sa ki barci ko likita ne. Sannan ki ce ya faɗa miki sunan likitan da zai karɓe ki a Birnin Kebbi ko Sakkwato in zazzaɓi ya kama ki ƙarfe biyun dare. In ya fara kame-kame, kada ki yanki tikitin.